Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu tsara dandalin da nake rubutu a kansa: ina kuka kai alƙalumanmu?

Zuwa ga masu tsarawa da masu yanke shawara a kamfanin,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗaya ne daga cikin masu rubutu a dandalinku, kuma na daɗe, don ina nan tun lokacin da allon ƙididdiga bai wuce 'yan sanduna da jadawali biyu ba. Ban taɓa rubuto muku ba. Da kuka canja wurin da muke rubutu, na yi gunaguni na kwana biyu, na saba. Da kuka kwashe maɓallai daga hagu kuka mayar dama, ko tari ban yi ba. Wannan karon, da kuka canja allon ƙididdigar masu karatu, sau biyu ina aika koke ta akwatin da kuka tanada, sau biyu ana dawo mini da amsa iri ɗaya, harafi bai bambanta ba: an gode, an miƙa wa masu aikin. Shi ya sa na fito da maganar fili, ko Allah zai sa ta faɗa kunnen wanda yake da ikon taɓa wani abu. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Bari in fara da yadda abin yake a da, don ina zargin waɗanda suka zana sabon allon ba su taɓa zama da tsohon yadda muka zauna da shi ba. Da safe, kafin in taɓa komai, nakan buɗe shi, kuma ba na cika minti ɗaya a ciki. A sama sandunan kwana talatin. A ƙarƙashinsu jadawali biyu kafaɗa da kafaɗa, na hagu yana jera rubuce-rubucen da aka karanta jiya da yau kowanne da adadinsa, na dama yana jera wuraren da masu karatu suka biyo suka zo. Kallo ɗaya na gama. Idan maganar kyau ake yi, ba shi da shi, na yarda. Amma ga irin aikin da yake yi mini.

Akwai wani rubutu da na yi shekarun baya kan yadda ake tsara takardar neman aiki, har na manta da shi. Wata safiya sai na gan shi ya haye saman jadawali, ya wuce sabon rubutun da na kwana ina gogewa. Na waiwaya jadawalin dama, sai ga wani adireshi da ban taɓa gani ba. Na bi shi, ashe wani malami ne ya sa rubutun cikin jerin abubuwan da ɗalibansa za su karanta. Na koma na karanta shi da idon ɗalibi, na tarar mahaɗi biyu sun mutu, misali guda kuma ya tsufa har yana iya ɓatar da mutum. Kafin tsakar rana na gyara. Daga ganin abin zuwa gano dalilinsa, dannawa biyu ce kacal.

Jiya na zauna na gwada yin wannan tafiyar a sabon allon, ina ƙirgawa. Da farko sai ka jira wani zobe ya gama juyawa. Sai manyan katuna huɗu su bayyana, kowanne da lamba ɗaya ƙatuwa da kibiya a gefenta, sun cinye fuskar wayar gaba ɗaya. Ka ja ƙasa, ga wani zane mai lanƙwasa kamar macijin da ya sha rana. Ka ƙara ja, ga rubutu biyar kawai, da maɓallin neman ƙari. Ka danna, sabon shafi ya buɗe, amma kwanakin da ka zaɓa sun koma kwana bakwai da kansu. Ka sake zaɓa. Ka koma baya don duba daga ina mutane suka fito, kwanakin sun sake komawa bakwai. Da ka isa, sai ka tarar an tattara komai an zuba a buhu uku: masu zuwa ta bincike, masu zuwa ta kafofin sada zumunta, da “sauran”. Malamin nan da ɗalibansa, da yau abin ya faru, suna cikin “sauran”, kuma har abada ba zan san da su ba. Dannawa tara na ƙirga, ban kuma sami amsar ba.

Su kuwa kibiyoyin nan, wallahi ban san wa aka yi wa su ba. Mai babban shafi da dubban masu karatu wataƙila kashi cikin ɗari yana gaya masa wani abu. Yawancinmu ƙananan marubuta ne. Idan jiya mutum huɗu suka karanta rubutu, yau shida, allon zai ɗaga koriyar kibiya ya ce an samu ƙarin kashi 50. Idan gobe suka koma huɗu, jar kibiya ce da ragin kashi 33. Mutum biyu ne fa suka zo suka tafi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda kuke gwada yau, wadda ba ta ƙare ba, da jiya cikakkiya. Ƙarfe takwas na safe ba yadda za a yi ranar da ta yi awa takwas ta kamo wadda ta yi ashirin da huɗu, saboda haka kowace safiya jar kibiya ce ke tarbar mutum. Wanda ya daɗe zai yi tsaki ya wuce. Sabon shiga kuwa, wanda da ƙyar ya yi ƙarfin halin fara wallafawa, kullum kuna gaishe shi da labarin faɗuwar da ba ta faru ba.

Zanen ma haka. Tun 1786 wani ɗan Sikotland mai suna William Playfair ya fito da zanen sanduna a bugu, kuma dalilin da ya sa abin ya rayu sama da shekara ɗari biyu shi ne ido yana gwada tsayi da tsayi ba tare da wahala ba, muddin dukkan sandunan daga sifili suka taso. Naku layin ba daga sifili yake tasowa ba. Yana farawa ne daga kusa da mafi ƙanƙantar lamba, ta yadda bambancin 95 da 100 zai fito kamar an hau dutse. Sannan kun lanƙwasa shi don ya yi kyau, yana nuna hawa da sauka tsakanin Talata da Laraba alhali babu wata rana a tsakaninsu. Ainihin lambar kowace rana kuwa sai an ɗora linzamin kwamfuta a kan ɗigo take leƙowa. A waya babu linzami. Sai dai ka yi ta dungurin gilashi da yatsa, ka nufi Alhamis ka sami Juma'a.

Duk wannan da na lissafa, da shi kaɗai ne, da na haɗiye na saba kamar yadda na saba da na baya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne lambobin da kansu sun canja, kuma ba wanda ya ce mana uffan.

Ina da wata tsohuwar ɗabi'a: ƙarshen kowane wata nakan rubuta jimillar watan a littafi, da biro. Bayan sauyin sai na buɗe littafin na gwada watannin baya da abin da sabon allon ke nunawa. Ba su zo ɗaya ba. Watannin da suka riga suka wuce, waɗanda babu mai iya ƙara musu ko rage musu mai karatu, sun rame. Wasu kaɗan, wasu da yawa. Na tambayi wasu marubuta, kowa da irin nasa labarin, wani ma har ya fara tunanin ko injin bincike ne ya hukunta shi, ya shafe mako yana canja kanun rubuce-rubucensa a banza.

Ni ban ce sabbin lambobin ƙarya ba ne. Mai yiwuwa ma sun fi tsofaffin kusa da gaskiya. Na san ƙirga masu karatu a intanet ba ƙirga kawuna a ɗaki ba ne. Yawan buɗe shafi daban, yawan maziyarta daban: mutum ɗaya da ya buɗe rubutu biyar, buɗewa biyar ce, maziyarci ɗaya. Na san ana gane maziyarci ne galibi ta wani ɗan fayil da ake ajiyewa a burauzarsa, wanda ake kira kuki, don haka mutum ɗaya da ya karanta a waya da safe ya ƙarasa a kwamfuta da dare, mutum biyu ne a wurin na'ura. Na san tun 2019 burauzar Safari ta kamfanin Apple ta taƙaita tsawon ran irin kukin da shafi ke dasawa ta JavaScript, wato yaren da shafuka ke ba burauza umarni da shi, zuwa kwana bakwai, ta yadda amintaccen mai karatu da ya yi kwana goma bai leƙo ba zai dawo a matsayin baƙo. Na san tun da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018 aka tsananta batun neman izini, kuma wanda ya ƙi yarda da kuki yakan fita daga lissafi. Ga masu toshe talla, waɗanda sau da yawa suke toshe na'urar ƙirgar tare da tallar. Ga kuma manhajojin da ke yawo su kaɗai suna buɗe shafuka, na injinan bincike da na masu kwasar rubutu, waɗanda idan aka ƙirga daga rajistar sabar kamfani, wato kwamfutar da shafukan ke zaune a kanta, sukan shiga cikin mutane, idan aka tace su kuma lamba ta faɗi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kuka taɓa, lissafi zai motsa.

To wanne kuka taɓa? Tambayar ke nan. Kun fara tace manhajojin ne? Kun daina ƙirga ziyarar mai shafin da kansa? Kun canja ma'anar maziyarci daga na rana zuwa na wata? Kun koma kan tsofaffin bayanai kun sake lissafa su da sabon ma'auni, ko wani ɓangare ne ya zube a hanya lokacin ƙaura? Sanarwar da kuka fitar ta yi magana a kan sabon salo da sauƙin gani da launuka masu daɗi. Babu layi ɗaya a cikinta da ya ce ma'aunin ya canja. Kuma a allon kansa, babu inda mutum zai taɓa ya ga ma'anar kalmar da ke kan katin. An rubuta “masu karatu”, shi ke nan, kowa ya fassara da ra'ayinsa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda lambar take yi wa aiki. Akwai masu nuna ta ga mai son ba su talla. Akwai ƙungiyoyin sa-kai da ke sa ta a rahoton da suke kai wa masu tallafa musu. Mutum ya faɗi lamba a watan jiya, yau a ce ya nuna hoton allon, a ga ba haka ba, me zai ce? Shi za a kalla a matsayin mai ƙari a magana, ku kuna can ba ku ma san an yi ba. Ni da ba na sayar da komai ma, lambar ce kaɗai hanyar da nake jin motsin mutanen da nake yi wa rubutu, domin cikin masu karatu ƙalilan ne suke taɓa cewa komai. Sauran sawunsu kawai ake gani. Idan aka share sawun aka sake zana shi ba da sanina ba, ban san ko rubutuna ne ya lalace ko ma'auni ne ya gyaru ba, kuma gyaran da zan yi a hali na farko daban yake da na hali na biyu.

Sai maganar agogo. Tsohon allon yana bin lokacin da na saita wa shafina. Sabon yana juya rana da ƙarfe goma sha biyun dare na agogon UTC, wato agogon duniya da ke bin lokacin layin Greenwich na Landan, ko ina kake a duniya. Ga wanda ke kusa da layin Greenwich abin da sauƙi. Marubucin da ke Tokyo kuwa, wanda ke gaba da awa tara, ranarsa tana ƙarewa ƙarfe tara na safe, yana tsakiyar shan iskar hantsi. Wanda ke New York a lokacin sanyi, ƙarfe bakwai na yamma za a ce masa gobe ta yi, daidai lokacin da mutanensa suka taso daga aiki suka fara karatu. Rubutun da ya saki da yamma sai a raba masa shi gida biyu. Wannan saiti ne da yake nan a da. Ba sabon abu muke roƙo ba.

Tarihi ma kun datse. A da ina iya komawa shekarar da na fara in ga kowane wata. Yanzu allon ya tsaya a wata goma sha biyu, sauran kuma an sa musu ɗan hoton kwaɗo da gayyatar hawa babban tsari mai biya. Ba na jayayya da ku a kan neman kuɗi, sabar ba da iska take aiki ba. Ku ƙirƙiro sabon abu ku sa masa kuɗi, wanda ya ga zai amfane shi ya saya. Amma abin da yake hannun mutum shekara da shekaru, a wayi gari an kulle a ce ya fanso, wannan sunansa daban. Maɓallin sauke bayanai a fayil ɗin CSV, wanda ake buɗewa a matsayin jadawali, ma ya ɓace a rana ɗaya da sauyin, ta yadda ko wanda ya so ya kwashe nasa ya adana bai samu dama ba. Ku dubi Google: da za su rufe tsohuwar na'urarsu ta ƙirga maziyartan shafuka, Universal Analytics, a Maris 2022 suka sanar, sai 1 ga Yuli 2023 ya daina karɓar sabbin bayanai a asusun kyauta, sannan suka bar tsofaffin bayanan har tsakiyar 2024 don mutane su sauke. Mutane sun yi ƙorafi sosai a kan wanda ya maye gurbinsa, amma ba wanda zai ce ba a gaya masa ba. Mu sanarwarmu ita ce buɗe allon da muka yi muka ga ya canja.

Akwai inda ba zan ɗora muku laifi ba, don kada a ce na zo da son zuciya. Masu kukan cewa kun ɓoye kalmomin da mutane ke bincikawa su zo shafinsu, ba ku ne kuka ɓoye ba. Tun Oktoba 2011 Google ya fara rufe su ga waɗanda suka shiga asusunsu, zuwa ƙarshen 2013 kusan duka sun rufu. Haka mahaɗin da aka tura wa mutum ta WhatsApp ko imel, sau da yawa yakan iso ba tare da alamar inda ya fito ba, kuma babu allon da zai iya ƙago abin da ba a ba shi ba. Amma wannan ma hujja ce a kanku. Tunda abin da ake iya sani ya riga ya ragu, ɗan abin da ya saura bai kamata a cusa shi a buhun “sauran” ba.

Ƙananan abubuwa biyu, in wuce da sauri. Rubutun jikin zanen toka-toka ne a kan fari, siriri kamar zare. Ƙa'idar da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar tun 2008 ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bangonsa ya kai 4.5 zuwa 1, ku auna naku ku gani. Ja da kore kuma su ne launuka biyun da mafi yawan masu matsalar bambance launi suke rikitawa, su kuka zaɓa su ɗauki duk saƙon. Na biyu, nauyin buɗewa. Tun 1993 Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhajoji, ya rubuta cewa bayan jiran daƙiƙa ɗaya zaren tunanin mai amfani yakan fara tsinkewa, bayan goma hankalinsa ya tafi wani wuri. Ku gwada allon a tsohuwar waya da intanet mai rauni, ba a kwamfutocin ofishinku ba.

Na san amsar da ake bayarwa a irin wannan hali: mutane ba sa son canji, a ba su wata biyu za su yi shiru. Gaskiya ne za mu yi shiru. Wasu don sun saba, wasu don sun daina buɗe allon, wasu don sun liƙa na'urar ƙirga ta wani kamfani, wasu don sun tattara sun bar muku dandalin. A naku lissafin duka huɗun kamanninsu ɗaya, koke ya ragu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mu ne muke kwana a ɗakin nan.

Ga abin da nake nema. Ku dawo da jadawalin rubuce-rubuce da na wuraren da aka fito a fuskar farko, da cikakkun adireshi, ko da a ƙarƙashin katunanku ne. Kwanakin da mutum ya zaɓa su zauna inda ya ajiye su. A mayar mana da agogonmu, da maɓallin saukewa, da shekarunmu na baya. Kibiyoyin, idan ba za ku iya rabuwa da su ba, ku ba mu wurin kashe su. Idan riƙe tsohon allon na wata shida a gefe ba zai karya ku ba, ku riƙe.

Idan kuwa duk wannan ya yi yawa, aka ce abu ɗaya kawai za a yi, to ku rubuta mana shafi guda, da harshen da marubuci zai gane, ku faɗi abin da kuke ƙirgawa a da, da abin da kuke ƙirgawa yanzu, da ranar da aka sauya. Sannan ku ja siririn layi a kan zanen daidai wannan ranar, yadda duk wanda ya ga lambarsa ta faɗi zai san daga inda sabon ma'auni ya fara. Littafina yana nan da jimillar kowane wata tun daga farko, idan masu aikinku suna son abin da za su gwada da shi, zan ɗauki hotonsa in aiko.

Naku,
Ɗaya daga cikin tsofaffin marubutan dandalinku